Me ya sa muke addu'ar a kayar da mai takobi?

Dan_Adar_Illela:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya, kuma da gaske nake son amsa. Duk shekara in aka buɗe kokowar takobi, gasar kokowa ta ƙasa a nan Nijar, 'yan kokowa 80 daga jihohi 8, in dai ba ɗan jiharmu ne a fage ba sai ka ga kusan kowa yana bayan ƙaramin. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi sau 6, amma a fadarmu nan Tawa duk sanda ya shigo fage faɗuwarsa ake roƙo. Bai zagi kowa ba, bai ci haƙƙin kowa ba. Mu ɗin nan kuma in aka ambaci tsoffin zakaru irin su Kantu ko Salma Ɗan Rani sai mu ce an yi maza. To mene ne wannan? Tausayin mai rauni ne, ko hassada ce ga wanda Allah ya ɗaukaka? Abin da ya fi damuna ma, in tausayi ne, me ya sa ba ya bin mu gida? A kasuwa da wurin aiki da ranar zaɓe, mai ƙarfi muke bi.

Kabukabu_Yamai:
Wa alaikumus salam. Hassada ce yaya, kada mu ɓoye. Mutum in ya daɗe yana ci sai a gaji da ganin fuskarsa.

Hadiza_Koufan:
Ban yarda ba. Ni ba ni da abin da zan yi wa ɗan kokowa hassada a kai, ba takobi nake nema ba. Amma in na ga yaro siriri ya tsaya gaban ƙato, zuciyata tana wurinsa tun kafin in san sunansa. Ina tuna uwarsa ce a gida tana sauraron rediyo.

Baba_Mai_Goro:
Ɗana na Illela, tambayarka ta yi. A 1975 da anka yi kokowar ƙasa ta farko nan Tawa ina saurayi, kuma Kantu na Maradi ya ɗauki takobin. Kada ku zaci muna ta yi mishi tafi. Baƙo ya zo garinmu ya kada mutane, mi za mu yi murna da shi? Sai da shekaru sunka wuce munka gane irin mutumin da munka gani. Yau filin kokowar Maradi sunanshi gare shi, na Dosso sunan Salma, namu nan sunan Hamidin Mai Dare. Wanda kuke roƙon faɗuwarshi yau, jikokinku za su zo su tambaye ku ko kun gan shi da idonku, kuma za ku yi alfahari ku ce kun gani.

Dalibar_Abdou_Moumouni:
Baba ya taɓo wani abu, bari in ƙara da abin da muka karanta. Masu nazarin halayyar jama'a sun gwada wannan. A 1991 wasu masana biyu a Amurka, Frazier da Snyder, sun ba ɗalibai labarin ƙungiyoyi biyu da za su kara wasanni bakwai, aka ce musu ɗaya ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wajen kashi 80 cikin 100 suka zaɓi mai raunin. Sai aka ce musu to, mai raunin ta ci wasa uku na farko a jere. Kusan rabinsu suka juya suka koma bayan wadda suka ƙi da farko, don yanzu ita ce a ƙasa. Ka ga ba wata ƙungiya suke so ba, matsayin na ƙasa suke bi duk inda ya koma.
Wani gwajin na 2007, na Vandello da abokan aikinsa, shi ya fi ba ni mamaki. An nuna wa mutane hoton bidiyon wasan ƙwallon kwando, iri ɗaya ga kowa. Waɗanda aka gaya wa cewa ƙungiya kaza ce ba a sa ran za ta ci, sai suka ce sun ga 'yan wasanta sun fi ƙoƙari da zuciya. Waɗanda aka gaya wa akasin haka, sai suka ga ƙoƙarin a ɗaya ɓangaren. Ido ɗaya, wasa ɗaya, amma labarin da aka ba ka tun farko shi ke gaya maka wa ke zufa. Shi ya sa in babba ya yi kaye muke cewa ai ƙarfi ne Allah ya ba shi, ko laya ce, in ƙarami ya yi sai mu ce zuciya.

Dan_Dosso_227:
Na gode ƙanwata. Wannan maganar laya ta daɗe tana ci mini rai. Mutum ya yi shekaru yana atisaye, safe da yamma, ya hana kansa abubuwa da yawa, in ya ci sai a ce malamansa ne. Wane ɗan kokowa ne ke shiga fage ba guru ba laya? Duka suna da su. Me ya sa na mai nasara kaɗai ake gani?

Kabukabu_Yamai:
To ai abin da na faɗa ke nan, hassada.

Malam_Mai_Allo:
A'a ɗan'uwa, a bambance. Hassada ita ce ka so ni'ima ta gushe daga wani, ko ta zo gare ka ko kada ta zo. Wanda ya ce ina son yaron nan ma ya ɗanɗana, bai zama mahassadi ba. Kuma son ganin kaɗan sun rinjayi masu yawa abu ne da aka raine mu da shi. A Suratul Baƙara an ba mu labarin Annabi Dawuda da Jaluta, da maganar muminai cewa sau nawa ƙungiya kaɗan ta rinjayi mai yawa da izinin Allah. A Badar Musulmi ɗari uku da 'yan kai ne gaban kusan dubu. Sai dai ku lura, ba don ƙarancinsu aka yabe su ba, don gaskiyar da suke kai ne. Rauni shi kaɗai ba hujja ba ne. Akwai mai rauni azzalumi, damar ce kawai bai samu ba.

Inna_ta_Bouza:
Malam, kafin allo ma akwai tatsuniya. Gizo da giwa da dorina, ya ba kowa bakin igiya suka yi ta ja suna zaton da shi suke. Yara na dariya suna jin daɗi don ƙaramin ya ci manya. Amma Gizo maƙaryaci ne, mai cin amanar Ƙoƙi. Ba mu taɓa damuwa ba, don shi ne ƙarami.

Mena_Har_Abada:
Ku bar kokowa ku zo ƙwallo. Oktoba 2010, filin Seyni Kountché, Masar da ta ɗauki kofin Afirka sau uku a jere ta zo Yamai, Moussa Maazou ya zura mata ɗaya, aka tashi 1 da 0. Wanda bai ga Yamai a daren nan ba bai ga murna ba. Daga nan muka je kofin Afirka na 2012, karo na farko a tarihinmu, muka bar Masar da Afirka ta Kudu a gida. 'Yan Afirka ta Kudu har rawa suka yi a fili suna zaton su suka wuce, ba su karanta dokar gasar da kyau ba. Abokaina 'yan Mali da 'yan Bene da muke kasuwanci tare duk suna bayanmu a lokacin. To hassadar Masar suke yi? Ni na ce mutum na son ya ga duniya ba a rufe take ba, cewa wanda ba a lissafa da shi zai iya shiga.

Dalibar_Abdou_Moumouni:
@Mena_Har_Abada ka lura ka ce "muka je", "muka bar Masar". Da Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu, ta sha kashi a gasar a Gabon, me mutane suka ce? "Sun ba mu kunya." Robert Cialdini ya rubuta wannan tun 1976: a jami'o'in Amurka ɗalibai sun fi sa rigar makarantarsu ranar Litinin in ƙungiyarsu ta ci a ƙarshen mako, kuma sun fi cewa "mun ci" in an ci, "an cinye su" in an faɗi.

Mena_Har_Abada:
Ni dai ban taɓa cire rigata ba, ko an ci ko an faɗi. Amma na san masu yi.

Direban_Konni:
Akwai ɗan ƙasarmu Hamadou Djibo Issaka da ya je wasannin Olamfik na Landan a 2012, tseren kwale-kwale. Wata uku kacal ya yi yana koyo. Ya zo na ƙarshe, an bar shi a baya da nisa, amma Turawa suka miƙe tsaye suna yi masa tafi har ya kai. Wani tsohon zakaran Ingila a wasan ya ce bai kamata a ba shi gurbin ba tunda akwai waɗanda suka fi shi. Jama'a ba su saurare shi ba. Ni abin da ya tsaya mini shi ne, tafin bai ci musu komai ba. Da shi ne zai ƙwace lambar ɗan ƙasarsu, da ba su tafa ba.

Dan_Adar_Illela:
Yawwa Direba, nan nake son a zo. Tafin da ba ya cin komai. Wannan shi ne rabin tambayata na biyu da kowa ya tsallake.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Bari ni in amsa maka ɗana, don na gani a kasuwa. Akwai wata bazawara da ke soya ƙosai kusa da rumfata, shekara da shekaru. Wani mai kuɗi ya sayi wurin da ke bayanta, ya ce hayaƙinta na ɓata masa kaya, aka tashe ta. Mazan da ke zaune a layin nan, waɗanda in ana kokowa ihunsu ke hana mu jin kiran salla, ba wanda ya buɗe baki. Wasu bashinsa ke kansu, wasu na sa ran ya ɗauki ɗansu aiki. Abin da ya fi ƙona mini rai, bayan kwana biyu sai na ji ana cewa ai ita ma bakinta ba shi da kyau, ai dama ba ta da takarda. Wato sai da aka nemo mata laifi don kowa ya samu barci. Mu mata huɗu muka je muka roƙi wani ya ba ta gefen rumfarsa. Ba jarumta muka yi ba, ƙosanta muke ci tun 'ya'yanmu na goye.

Dalibar_Abdou_Moumouni:
Hajiya, abin da kika gani an gwada shi. Melvin Lerner a 1966 ya sa mutane kallon wata mata da suke zaton ana ba ta azabar lantarki in ta yi kuskure a wani gwaji, alhali wasa ne aka shirya. Waɗanda aka ba damar su taimaka mata sun taimaka. Waɗanda aka nuna wa cewa ba abin da za su iya kuma azabar za ta ci gaba, sai suka fara rage mata daraja, suna ganin ba mutuniyar kirki ba ce. Bayaninsa shi ne mutum na son ya yarda duniya na tafiya bisa adalci, kowa abin da ya shuka yake girba. In ya ga wanda ake zalunta kuma ba zai iya ko ba ya son ya tsoma baki, hanya mafi sauƙi ita ce ya ce ai shi ya jawo wa kansa.

Malam_Mai_Allo:
Allah ya saka miki Hajiya. Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa mubaya'a ya ce mai rauni a cikinku shi ne mai ƙarfi a wurina har sai na karɓo masa haƙƙinsa. Ma'aunin shugaba ke nan a wurinmu.

Tsohon_Maaikaci_74:
Tunda an zo kan shugabanni. Ni na yi aiki zamanin shugaban ƙasa Kountché, daga 1974 har rasuwarsa a 1987. Mutum ne da zai iya faɗo maka a ma'aikata da sassafe ba sanarwa, ya ga wa ya zo wa bai zo ba. Hatsin taimako ya kai ga talaka bayan yunwar da ta ci ƙarshen mulkin Diori. Wannan shi ne shugaba. Yau ko yaron da ba a haifa ba lokacin yana yabonsa.

Sawaba_Jikan_Malam:
Baba, da girmamawa, yaron da ba a haifa ba lokacin shi ya fi yabonsa, don bai ji tsoron da aka ji ba. Kakana bai iya magana a fada sai ya waiga. Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba, ya yi shekaru a tsare a zamanin, Diori ma haka. Ban ce bai yi aiki ba. Na ce in mutum ya rasu muna tace shi, mu zubar da tsakuwa mu riƙe tsaba. Dubi shugaba Tandja. A 2009 ƙasa ta rabu biyu kan tazarce, sojoji suka sauke shi a Fabrairun 2010, mutane suka fito murna a Yamai. Da aka tsare shi sama da shekara sai tausayi ya juyo, ya koma Baba Tandja na talakawa, da ya rasu a 2020 kowa na kuka. Mutumin bai canza ba, wurin da yake tsaye ne ya canza. Daidai da ɗaliban da ƙanwarmu ta ba da labari.

Tsohon_Maaikaci_74:
Ɗana, tsoron da kake faɗa ɓarawon gwamnati ya fi kowa jin sa. Amma na ji ka, akwai waɗanda aka taɓa ba da haƙƙi ba.

Injiniya_Arlit:
Wani abu da ba a cika faɗa ba: shekarun farko na Kountché sun zo daidai da tashin kuɗin uraniyum. Kamfanin Somair ya fara haƙa a 1971, kamfanin Cominak a 1978, kuɗi suka shigo aka yi gine-gine da hanyoyi. Da farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, ga fari na 1984 da mutanenmu ke kira El Buhari, abubuwa suka tsuke. Shugaban bai sauya hali ba tsakanin 1978 da 1984. Muna ɗora wa mutum ɗaya abin da damina da kasuwar duniya suka yi, alheri ko sharri. Masana harkar shugabanci irin su James Meindl sun nuna haka tun 1985: in sakamako ya yi kyau ƙwarai ko ya ɓaci ƙwarai, mutane sun fi cewa shugaba ne sila, ko da dalilan na wani wuri.

Malama_Zara_Lakwal:
Ni abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda muke zaɓen shugaban tun farko. A wani bincike da aka wallafa a 2009, a Suwizaland an nuna wa yara 'yan shekara 5 zuwa 13 hotunan 'yan takarar majalisar Faransa bibbiyu, mutanen da ba su taɓa gani ba, aka ce wa kuke so ya zama matuƙin jirgin ruwanku. Wajen sau 7 cikin 10, wanda yaran suka nuna shi ne ya ci zaɓen na gaske. Fuska kawai. Ina ganin haka a ajina in za a zaɓi shugaban aji: dogo mai murya ake ɗaga wa hannu, yarinyar da ke riƙe da alli da rajista duk shekara ba a ko ambatonta.

Direban_Konni:
Ku bar ni in koma baya kaɗan, kan jarumai. Kowa ya san Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tsaya wa sojojin Faransa na Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899, kuma ta cancanta. Amma bayan Lugu da 'yan makonni rundunar nan ta shiga Birnin Konni ta yi kisan da har yau tsofaffinmu ke faɗa da ƙaramar murya. Waɗanda suka mutu a Konni su ma sun tsaya, sun rufe ƙofa sun ƙi ba da abin da aka nema. Wa ya san sunan mutum goma a cikinsu? Sarauniya ma sai da aka yi littafi da fim a kanta a shekarun 1980 sannan ta zama ta ƙasa duka. Jarumi sai ya samu mai ba da labarinsa. Ɗan kokowa ma in ba makaɗi da kirari, rabinsa ne ya shigo fage.

Inna_ta_Bouza:
Direba ka faɗi gaskiya. Nan Adar maza na tafiya cirani Abijan da Libiya, wani shekara biyu wani biyar. Wa ke noma gonar, wa ke bin rijiya, wa ke kai yaro asibiti da dare a kan amalanke? In ya dawo da rediyo da atamfa shi ake yi wa guɗa. Ungozomar ƙauyenmu ta karɓi haihuwar rabin garin, ba ta da kirari ko ɗaya.

Kabukabu_Yamai:
Inna wannan kuma ba a musu.

Dan_Adar_Illela:
Na karanta duka, na gode. Amma har yanzu ina nan kan bakata ta wani gefen. Kun ce muna bin na ƙasa duk inda yake. To in ɗan Tawa ne ke riƙe da takobi, ya haɗu da ƙaramin yaro daga Diffa da bai taɓa kai zagaye na biyu ba, akwai ɗan Tawa ɗaya da zai goyi bayan yaron? Babu. Kenan tausayin na aiki ne kawai in ba namu a ciki.

Dalibar_Abdou_Moumouni:
Haka ne yaya, kuma gwaje-gwajen da na kawo galibi kan mutanen da ba ruwansu da ɓangarorin biyu aka yi su, ɗaliban jami'a a Amurka. In "mu" ta shigo, ita ke gaba da komai. Shugaba ma haka, mutane sun fi bin wanda suke jin ɗaya ne daga cikinsu kuma don su yake yi. Akwai kuma wani sashe na binciken 2007 ɗin: in aka ce ƙungiya ba a sa ran za ta ci amma ta fi kowa kuɗi, sai goyon bayan ya ragu. Ba rashin nasara kaɗai ake tausaya wa ba, sai an ga kamar an raba kayan faɗan ba daidai ba.

Hadiza_Koufan:
Ni ko ɗan Tawa ne a fage, in ya kayar da ƙaramin ina murna, amma ina jin wani abu a raina in na ga yaron ya tashi yana kakkaɓe ƙasa. Biyun duka suna nan, ba sai ɗaya ya kori ɗaya ba.

Dan_Dosso_227:
@Dalibar_Abdou_Moumouni to a kokowa ba a raba komai ba daidai ba. Walki ɗaya, fage ɗaya, alƙali ɗaya. Wanda kuke kira babba yau, shekarar da ya fara zuwa shi ne yaron da ba wanda ya sani, kuma ku kuka yi masa ihu a lokacin. Abin da ya samu da hannunsa ya samu. Ni ban ga dalilin da zai sa in tausaya wa wanda bai kai shi atisaye ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ɗana na Dosso, fage ɗaya ne amma tukunya ba ɗaya ba ce. Wanda ya ɗauki takobi an ba shi kuɗi da kyaututtuka, manya na ɗauke masa cefane, shekara guda yana ci yana atisaye. Ɗayan daga gona ya taso, wata biyu kafin gasa yana neman kuɗin mota. Ka je ka tambayi masu dafa wa 'yan kokowar jiha abinci su gaya maka wa ke zuwa da nama a jikinsa.